Haƙoran Taya: Tsakanin Kwalta Da Daji



Yau maganar taya za mu yi, tayar babur. Irin dogayen baburan nan nake nufi masu ƙaton tanki, na yawon kasada, waɗanda za su yini suna sheƙa gudu a kan kwalta, in kwalta ta ƙare su gangara burji su ci gaba kamar ba abin da ya faru. Amma ɗan acaɓa da ke jin mu a bakin tasha, da malamin gona, da ma'aikacin lafiya mai kai rigakafi ƙauyukan da mota ba ta zuwa, kada wanda ya murɗa akwatin rediyonsa. Hanyar da mai babur ɗin miliyoyi yake kashe kuɗi ya je ya ɗanɗana sau ɗaya a shekara, ita ku kuke bi kullum safiya, kuma abin da ke kayar da shi, shi ke kayar da ku.

Tarihin waɗannan babura ya ratsa ta ƙofar gidanmu. A ƙarshen Disambar 1978 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya tara motoci da babura 182 a birnin Paris, suka kama hanyar Dakar. Suka keta Aljeriya, suka shigo Nijar ta Agadas, suka bi ta Yamai suka wuce Mali, kuma 74 kacal ne suka ga Dakar a tsakiyar Janairun 1979. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, a kan Yamaha XT500 yake. Daga nan kamfanoni suka farga cewa akwai kasuwa. BMW ta fito da R80 G/S a 1980. Yamaha ta ɗauki sunan hamadar Tenere ta Nijar ta liƙa wa babur ɗinta a 1983, kuma har gobe ana sayar da Ténéré 700 a duniya, galibi ga mutanen da ba su taɓa taka Agadas ba. Honda ta biyo baya da Africa Twin a 1988. A 2004 Ewan McGregor da Charley Boorman suka tashi daga Landan suka nufi gabas har New York a kan BMW, aka nuna tafiyar a talbijin, sai abin ya zama yayi. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba: a 2022 Kunle Adeyanju ya taso daga Landan har Legas a kan Honda CB500X domin gangamin yaƙi da shan inna.

To, a nan gizo ke saƙar. Wanda ya sayi irin wannan babur, hoton Dakar ne a ransa. Yana so in ya tsaya a majalisa a ga tayoyi da manyan haƙora, a ce lallai wannan daga sahara ya fito. Abin da yake mantawa shi ne, manyan 'yan tseren nan suna da makanikai da ke jiransu a zango da sabuwar taya. Shi kuwa tayar da ya ɗaura yau, ita za ta kai shi ofis ran Litinin, ta kai shi ɗaurin aure Gombe ran Asabar, ta dawo da shi cikin ruwan sama da magariba, tirela na bin sa a baya.

Mu duba abin da haƙoran ke yi. Duk nauyin babur da mahayi da kaya, a kan wurare biyu yake zaune, kowanne bai fi tafin hannu ba. Ténéré 700 da mai a tanki ya ɗan haura kilo 200, R1250GS kuwa yana neman kilo 250, kafin a ɗora mutum da akwatuna. A kan kwalta, robar da ta taɓa titi ita ke riƙe babur, saboda haka gwargwadon yawan robar, gwargwadon riƙon. A kan ƙasa mai laushi lissafin ya juya. Samanta ba ya riƙe komai, zamewa yake yi, dole sai an samu abin da zai huda ya kama abin da ke ƙarƙashi. Aikin haƙori ke nan. Ratar da ke tsakanin haƙori da haƙori kuma ita ke barin taɓo ya watse in taya ta juya, maimakon ya toshe zanen.

Kawo wannan tayar kan kwalta ka ga yadda alherin ke komawa sharri. Ratar nan babu roba a cikinta, don haka abin da ke taɓa titi ya ragu. Kowane haƙori yana tsaye shi kaɗai, in an taka birki ko an kwanta a kwana sai ya lanƙwashe, mahayi ya ji babur na motsi a ƙarƙashinsa kamar ba a ɗaure yake ba. Lanƙwasar nan tana haifar da zafi, zafi yana cin roba. Ga ƙugi da ke shiga kunne tun daga Zariya har Kaduna, ga kan babur da kan soma rawa in gudu ya yi gudu, ga nisan da ake ci kafin birki ya tsayar. Masu ƙera taya sun daɗe suna neman mafita. Sun zuba silika a cikin roba don ta kama jiƙaƙƙen titi, sun yi tsakiyar taya da roba mai tauri gefenta da mai laushi, kuma gaskiya an samu ci gaba ƙwarai. Sai dai har yau taura biyu ba ta taunuwa. Duk abin da taya ta ƙara a daji, ta rage shi ne a kwalta.

Shi ya sa in ka shiga shago ko ka duba a intanet za ka ga lambobi: 90/10, 80/20, 50/50. Ta farko kwalta, ta biyu daji. Metzeler Tourance da Pirelli Scorpion Trail suna can ɓangaren kwalta, zanensu tsagi ne kawai mai ɗan faɗi. Michelin Anakee Adventure da Shinko 705 ana lissafa su 80/20. A tsakiya akwai irin su Heidenau K60 Scout ta Jamus, da Mitas E-07, da Dunlop Trailmax Mission. In aka ƙara matsawa sai a tarar da Continental TKC80, da Michelin Anakee Wild, da Bridgestone AX41, masu haƙora na gaske. A can ƙarshe kuma akwai Dunlop D606 da Pirelli MT21, waɗanda kwalta a wurinsu hanya ce kawai ta zuwa daji.

Ku lura, babu wata hukuma da ke auna waɗannan lambobi. Kamfani ne ke raɗa wa hajarsa. Shi ya sa za ka tarar da K60 Scout da Anakee Wild duk ana ce musu rabi da rabi, alhali in ka jera su ka duba, ko yaro ya san ba ɗaya ba ne. Ta farkon, a manyan lambobinta na baya, tana da wani zirin roba da ya zagaye tsakiya ba yankewa, shi ke sa ta daɗe a kwalta, shi ne kuma ke sa ta rasa ta cewa a taɓo. Ta biyun haƙora ne zalla. Bambancin yana fitowa a aljihu: mahaya kan ba da labarin tayar baya mai manyan haƙora da ta suɗe a wajen kilomita 5,000 a kan babur mai nauyi, a yayin da irin K60 Scout kan ninka haka sau biyu ko uku. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Sai ka lissafa zuwa da dawowa nawa kuɗinka zai saya maka.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce mutum ya ƙirga kilomitocinsa, in kashi 80 cikin 100 kwalta ne ya sayi 80/20. A ganina wannan lissafin bai cika ba, domin kilomita ba ta zama ɗaya da kilomita. Mutum zai iya yin kilomita 300 a titi lafiya lau, kilomita 5 na ƙarshe zuwa garinsu su zama fadama a watan Agusta. A lissafin kashi, biyar ɗin nan ba su kai a ambata ba, amma su za su yanke hukuncin ko zai kwana a gida ko a gindin bishiya. Saboda haka tambayar farko ita ce: wane wuri ne mafi muni da ya zama dole in bi, kuma a wane lokaci na shekara? In ce dole, ban ce wanda nake sha'awar in gwada wata rana ba.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce kuma mutane ba sa son ji. In tayar ta ba ni kunya, a ina za ta ba ni? Tayar kwalta a taɓo take ba da kunya. Kana tafiya a hankali a giya ɗaya, babur ya kwanta, ka tashi da laka har gemu, yaran ƙauye su yi dariya su taya ka ɗagawa. Wataƙila madubi ya fashe, in abin ya yi tsanani ƙafa ta gurɗe. Taya mai manyan haƙora kuwa a jiƙaƙƙiyar kwalta take ba da kunya, kana kan kilomita 100 a awa, a gangaren Hawan Kibo ko a kwanonin nan na hawa Mambila tsakanin Serti da Gembu, akuya ta ɓullo, ka damƙi birki. Faɗuwar farko labari ce da za a yi ta ba abokai. Ta biyun sai dai wani ya ba da labarinka. Wannan ne ya sa nake ganin wanda yawancin tafiyarsa titi ne, in zai yi kuskure, gara ya yi shi ta wajen ƙarancin haƙori, ya koyi sassautawa a daji, ko ma ya sauka ya tura in ta kama. Ba a taɓa cin tarar mutum don ya tura babur ba.

Kuma kada a ɗauka jiƙaƙƙiyar kwalta sai tsakiyar damina. Ruwan farko ya fi kowanne haɗari. Wata shida ko bakwai titi yana tara ƙura da baƙin mai da gas ɗin da manyan motoci ke zubarwa, yayyafin farko ya kwaɓa su su zama santsi tsantsa kafin ruwa mai ƙarfi ya zo ya wanke. A wannan ranar ko tayar kwalta sai an lallaɓa ta.

Sannan kalmar daji ɗin nan da muke ta faɗa, ba abu ɗaya ba ce. Busasshen burji na jan marmara, wanda gireda ta bi, kusan kowace taya tana iya masa, har mai 90/10, in dai mahayi bai cika garaje ba. Galibin abin da mutane ke kira daji, wannan ne. Tsakuwar da ke birgima a sama ta fi son ɗan haƙori, musamman a gaba. Rairayi mai zurfi, irin na Yusufari a Yobe ko na arewacin Tanut a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, haƙori yana taimakawa, amma iska da gwanintar hannu sun fi shi tasiri, za mu zo kan wannan. Taɓo ne kaɗai wurin da haƙori ke da sarauta ba tare da abokin takara ba. Shi ma akwai iyaka. Baƙar lakar firki ta wajen Dikwa da Ngala, in ta sha ruwa, manne wa taya take yi tana ƙara kauri har ta toshe tsakanin taya da madigadi, ƙafar gaba ta daina juyawa. A nan ko wace taya ka ɗaura, hikimar mutanen wurin ce ke aiki: a jira ƙasa ta sha iska.

Tayar gaba da ta baya ma ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma wannan yana buɗe wata ƙofa. Ta baya turawa take yi. In ta zame, babur ya ɗan karkaɗa gindi, mai ɗan sabo zai sassauta totur ya daidaita. Ta gaba ita ke juya babur, ita ke ɗaukar yawancin birki, kuma in ta zame ba ta sallama, kafin ka ankara kana ƙasa. Ga shi ta baya ce ke saurin cinyewa, sau da yawa sai an canja ta sau biyu kafin a canja ta gaba sau ɗaya. Da matafiya suka lura da haka, da yawansu suka koma ɗaura mai haƙora a gaba, mai ƙarko a baya, misali TKC80 gaba, K60 Scout baya. Dabara ce da ta kai mutane ƙasashe da dama. Sai dai a sani kamfanoni ba sa ba da wannan shawarar, domin biyu biyu suke gwada tayoyinsu. Akwai kuma haɗin da bai kamata a kusance shi ba: radiyal a gaba, mai saƙar gicciye a baya. A Ingila ma doka ta hana. Bambancin yana cikin yadda aka shimfiɗa zaren da ke cikin robar. Radiyal gefenta na da laushi, ba ta saurin ɗaukar zafi, ta dace da gudu da nauyi a titi. Mai saƙar gicciye gefenta na da tauri, ta fi jure dukan dutse da rami. Harafin R a tsakiyar lambar taya shi ke nuna radiyal.

Girman ƙafar gaba kuwa tun ranar sayen babur aka yanke shi. Ténéré 700 da Africa Twin inci 21 ne a gaba, doguwa siririya, tana haye rami da kunya ba tare da ta faɗa ciki ba. R1250GS da V-Strom 650 inci 19 ne, ta fi faɗi, ta fi zama daram a kwana da birki. Mai inci 19 da ya ɗaura haƙora yana zaton ya zama ɗan Dakar, ya rage wa babur ɗinsa abin da ya fi iyawa ne kawai. Haka wanda ke cusa taya mai faɗi fiye da wadda aka rubuta, wai don babur ya yi ƙiba. Rim ɗin zai matse ta, bayanta ya yi tsini, abin da ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru.

Yanzu ga abin da ba a biyan ko kwabo a kansa, amma ya fi sunan kamfani tasiri: iska. Masu faci a Najeriya da lambobin nan 30, 35, 40 suke lissafi, a Nijar an fi jin bar, 2 ko 2 da rabi. Babban babur a kan titi yakan so wajen 32 zuwa 36 a gaba, 36 zuwa 42 a baya, ainihin lambar tana rubuce a jikin babur ko a littafinsa. In an shiga rairayi ko tsakuwa, rage ta zuwa wajen 22 ko 25 yana sa taya ta baje, ta ƙara tsawon abin da ke taɓa ƙasa. Dubi tafin raƙumi yadda yake buɗewa in ya taka rairayi, shi ya sa ba ya nutsewa inda jaki ke kafewa. Taya mai matsakaicin zane da aka rage wa iska daidai takan wuce mai manyan haƙora da aka bar ta tantsan-tantsan.

Amma rage iska bashi ne, kuma a bakin kwalta ake biyansa. Taya mai ƙarancin iska in ta hau titi da gudu, gefenta yana ta lanƙwashewa yana miƙewa, zafi yana taruwa, a watan Afrilu kuma da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, ba sai an jima ba za ta iya buɗewa. Don haka wanda ba ya ɗauke da famfo, kada ya fara ragewa. A kan babur mai kilo 250 ma kada a zarce, domin dutse ɗaya ya isa ya lotsa rim. A auna iska da safe kafin a tashi, taya na sanyi. In an yi tafiya aka auna aka ga ta hau, zafi ne ya ɗaga ta, kada a sace. A kuma sayi geji na kai, ɗan ƙarami ne mai shiga aljihu. Gejin bakin titi ya sha faɗuwa ƙasa fiye da ƙima, wani mai facin ma da babban yatsa yake aunawa, ya buga tayar da sifana ya ce ta yi, ranka ya daɗe.

Daga iska sai tif. Tayar da ba ta da tif, in ƙusa ta shige ta, a hankali take sacewa, kuma ana iya cusa mata igiyar faci tana jikin babur, cikin 'yan mintoci a ci gaba da tafiya. Mai tif kuwa takan sace gaba ɗaya a lokaci guda, wanda in a gaba ne kuma ana gudu, sai addu'a. Gyaranta sai an kwance ƙafa an ɓamɓare taya. Saboda haka a titi marar tif ta yi nisa. BMW tun 1987 ta ɓullo da dabarar saƙa sifok ta gefen rim don a samu ƙarfin sifok ba tare da tif ba. To amma in rim ya lotsa a daji, marar tif ba ta ƙara riƙe iska, mai tif kuwa ko oho, kuma babu ƙauyen da za ka je a ƙasar Hausa ka rasa wanda ya iya facin tif. Shi ya sa matafiyi mai hankali, ko tayarsa marar tif ce, yakan sa tif guda a jaka. Na inci 21 yana iya shiga baya a lokacin larura ya kai ka gari. Masu tif kuma ga ƙaramin sirri: in an rage iska, taya takan ja jiki a kan rim ta janye tif har ta tsinke bawul. Kada a ɗaure ɗan notin bawul ɗin ya manne da rim. A bar shi sako-sako, in ka ga bawul ya karkace, ka san tayar ta fara tafiya. Akwai kuma wani soso da Michelin ta ƙirƙiro wa 'yan tsere a shekarun 1980, ana cusa shi a madadin tif, ba ya yin faci sam. Na tsere ne, zafin kwalta yana lalata shi, ba a yi shi don titi ba.

Bari mu karanta jikin taya tare, don duk abin da mai shago zai gaya maka, ita ta riga ta rubuta. In ka ga 150/70-18, faɗinta milimita 150, tsayin gefenta kashi 70 cikin 100 na faɗin, rim ɗinta inci 18. Bayan haka akwai lamba da harafi, misali 54H ko 70Q. Lambar nauyi ce: 54 na ɗaukar kilo 212, 70 na ɗaukar kilo 335. Mai goyon iyali da akwatuna uku ya duba wannan da kyau. Harafin kuma iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, T 190, H 210, V 240. Yawancin masu manyan haƙora a Q ko kusa da ita suke tsayawa, alhali babur ɗin da aka ɗaura musu yana iya wuce haka nesa. TL marar tif ce, TT mai tif. Akwai kibiya da ke nuna inda za ta fuskanta, a tsaya a kan mai ɗaurawa har ya bi ta.

Sai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye, a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wannan ya fi shafarmu fiye da mai saye a Turai. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Ikeja a 2008, kasuwar taya a Najeriya ta koma hannun masu shigowa da ita daga waje. Irin waɗannan lambobi na manyan babura kuma ba kullum ake neman su ba, sai taya ta yi shekaru a rataye a shago mai rufin kwano, zafi na gasa ta. Zanenta sabo ful, robar kuwa ta bushe ta yi tauri. Danna farce a kan haƙorin, duba gindinsa ko akwai ƙananan tsagogi. Masu ƙera taya da kansu suna cewa in ta shekara 5 a riƙa binciken ta duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba, Hukumar Kiyaye Haɗurra ma ta daɗe tana gangami kan tsofaffin tayoyi. Ta gwanjo kuwa, wadda wani ya cire a Turai, ka tambayi kanka me ya sa ya cire. A Jamus doka ba ta yarda zane ya gaza milimita 1.6 ba, a Ingila milimita 1. Taya mai haƙora ma tun kafin ta kai nan ta gama aikinta na daji, domin da zarar bakin haƙoran ya dakushe, rabin tsayinsu ya tafi, ka rasa riƙon taɓo, ba ka kuma samu na kwalta ba. Araha ba ta ado.

Mai shirin doguwar tafiya, Kano zuwa Accra ne ko Yamai ko Ngaundere, ya sa wannan a lissafi: tayar Boxer mai inci 17 kowace kasuwar ƙauye akwai ta, amma 150/70-18 sai babban birni, wani lokacin ma sai an yi oda an jira makonni. Wannan dalili ne babba na zaɓen mai ƙarko a baya ko da riƙonta a taɓo bai kai yadda ake so ba, da kuma ɗaura sabuwa kafin a tashi maimakon a ce tsohuwar za ta kai. In an ɗaura sabuwar kuma, samanta na da sulɓi, a ba ta kilomita 150 na farko a hankali, ba kwanciya sosai a kwana, ba birkin gaggawa, washegari a sake auna iska domin takan ɗan sauka bayan ta zauna a rim.

Nan za mu dakata. A sa hular kwano, a sauka lafiya.